Bishop Samuila Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Amsa Tambayoyi A Fadar Sarki

Ya kamata mu waiwaya mu dubi waɗanda suka riga mu ɗaukar kayan nan. Galibinmu muna zaune ne a tsakiyar dangi da maƙwabta waɗanda ba su bi hanyar da muka bi ba. Kullum ana yi mana tambayoyi, a kasuwa, a gona, a bakin rijiya, wurin suna da wurin jana'iza. Ana tambayarmu yadda Allah zai yi Ɗa, da ko alloli uku mu ke bauta wa, da abin da Littafinmu ya faɗa a kan Annabi Muhammadu, da irin sujadar da mu ke yi tun da ba a ganinmu muna alwala. Wani in an tambaye shi sai ya husata, ya ɓata zumuncin shekaru. Wani kuwa tsoro ya kan kama shi, ya yi shiru kamar ba shi da abin faɗi. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo muku labarin wani baƙar fata ɗan'uwanmu, wanda aka yi wa tambayoyin nan a gaban sarki da malamai, ya amsa, aka kuwa rabu lafiya.

Yadda aka kama shi

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a wani gari da a ke kira Oshogun, cikin ƙasar Yarabawa. Iyayensa masu bin addinin kakanni ne. A zamanin nan daular Oyo tana rushewa, yaƙi ya cika ƙasa, kamun bayi ya zama sana'a. Wajen shekarar 1821, da hantsi, mahara suka faɗa wa garin, suka sa masa wuta. Maharan nan galibinsu Musulmi ne, Yarabawa da Filani. Aka ɗaure Ajayi da igiya a wuya, shi da uwarsa da ƙannensa mata. Ubansa kuwa bai sake ganinsa ba har abada.

Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa. Aka yi musayarsa da doki, aka sake sayar da shi, yana fita hannun wannan yana faɗawa hannun wancan, har aka kai shi Ikko a bakin teku. Can Turawan Fotugal suka saye shi, suka zuba shi cikin jirgin ruwa tare da sauran bayi, za a haye da su teku. Amma Allah yana da wata shawara. A watan Afrilu na 1822, jirgin bai yi nisa ba, sai jiragen yaƙi na Ingila masu tsaron hana cinikin bayi suka tare shi. Aka kwance musu sarƙa, aka kai su Freetown ta ƙasar Saliyo, inda a ke saukar da 'yantattun bayi.

A Saliyo ya shiga hannun masu mishan na ƙungiyar C.M.S. Yaro ne mai kaifin hankali. Cikin wajen wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi sassaƙa. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, watau Samuila, sunan wani fasto na Landan. Bai yar da sunansa na yanka ba, har ya mutu ana kiransa Ajayi. A 1827 aka buɗe makarantar Fourah Bay, shi ne kuwa ɗalibin da aka fara rubuta sunansa. Ya auri wata yarinya mai suna Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta. Suka zauna tare wajen shekara 50.

Darasin laya

Sa'ad da ya ke malamin makaranta a Saliyo, yana saurayi mai zafin himma, sai ya ga wani yaro ɗan Musulmi ya zo makaranta da laya a wuya. Ya sa hannu ya yanke layar, ya ce yaron ya mai da ita gida. Uban yaro ya zo da fushi. Crowther ya ce to a tara malamai a yi muhawara. Ya shirya sosai, ya zo da Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani ta Turanci, ya sa alama a ayoyin da zai kafa hujja da su.

Ranar muhawara malamai suka zo, amma ba su bi shi cikin hujjojinsa ba. Abu ɗaya suka tsaya a kai, cewa Allah ba shi da ɗa, Muhammadu kuwa manzonsa ne. Kowace aya ya kawo, sai su mayar masa da wannan. Aka tashi ba wanda ya gusa ko taki ɗaya, sai dai ɓacin rai da ya ƙaru. Abin nan ya zauna masa a zuciya har tsufansa. Ya gane zafin nema ba ya kawo samu, kuma ba a jawo mutum wurin Almasihu ta wurin kunyata shi a gaban jama'a. Daga nan ya shiga neman wata hanya.

Kogin Kwara

A shekarar 1841 gwamnatin Ingila ta aika da jiragen ruwa uku su hau kogin Kwara, kogin nan da ya ratsa ta Yamai da Gaya kafin ya gangara ƙasar Nufe. Nufinsu su ƙulla alkawari da sarakuna a bar cinikin bayi. Mishan ta sa mutum biyu cikin tafiyar, Crowther da wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya riga ya fara koyon Hausa. Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya kama Turawa, wajen 40 suka mutu daga cikin 145. Crowther kuwa ya komo lafiya. Manyan mishan suka ga a fili cewa in bishara za ta shiga ƙasashen nan, sai 'yan ƙasa ne za su kai ta.

Shi Schön ya ci gaba da aikin Hausa har ƙarshen ransa. Wanda ya taimake shi ƙwarai kuwa wani yaro ne Bahaushe mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda shi ma bauta ta raba shi da gida. Ashe tun farkon rubuta Hausa da boko akwai hannun ɗan ƙasarmu a ciki.

Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi fasto a 1843. A 1846 ya isa Abeokuta tare da Henry Townsend don su kafa aiki a cikin Yarabawa. Bai daɗe da sauka ba sai aka kawo masa wata tsohuwa. Ashe uwarsa ce, Afala, bayan rabuwar shekara 25. Suka rungumi juna, suka kasa magana sai hawaye. Ya sami 'yan'uwansa mata kuma. A 1848 aka yi wa uwar baftisma, aka sa mata suna Hannatu, gama Hannatu ce uwar Samuila a cikin Littafi.

Da wane suna za a kira Allah?

Tambayar da ta fara tare shi a ƙasarsu ita ce ta harshe. Mutum zai iya yi wa Allah sujada da harshen da ya sha a nono, ko sai da harshen baƙi? Musulmi suna salla da Larabci, waɗansu masu bi kuma suna tsammani Turanci ne harshen Kirista. Crowther ya tsaya a kan cewa tun ranar Fentikos kowane mutum da harshensa ya ji bishara. Ya zauna wurin tsofaffi yana sauraron maganarsu, yana rubuta karin magana, har da kalmomin bokaye da na malamai. Ya sa alamu a kan baƙaƙe don a san hawa da saukar murya. Bai ƙago wa Allah sabon suna ba. Ya ɗauki Olorun, watau Mai Sama, sunan da Yarabawa suka sani tun kaka da kakanni. Fasto kuma ya kira shi alufa, kalmar da a ke kiran malamin Musulmi da ita.

A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, takardun da ya yi shekara 11 yana tarawa suka ƙone. Ya sake farawa. Shi da abokan aikinsa suka yi ta fama har aka gama Littafi Mai Tsarki duka da Yarabanci a 1884. Ya kuma rubuta littattafan koyon karatu da harshen Ibo da na Nufe. Mu da mu ke kiran sunan Allah cikin addu'armu da Hausa, muna kuma riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932, kan turbar nan mu ke tafiya. In wani ya ce mana sunan nan ba namu ba ne, sai mu tuna Kiristan Larabawa da shi su ke kiran Mahalicci tun kafin a haifi kakanninmu.

Bishop na Kwara

A 1854 ya sake hawan kogi tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai. Wannan karo kowa yana shan kwinin, ba wanda ya mutu. A 1857 aka kafa mishan ta Kwara, wadda ma'aikatanta baƙaƙen fata ne, galibinsu 'yantattun bayi daga Saliyo. Aka fara da Anaca. A shekarar nan jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya nutse, suka yi wajen shekara guda a ƙasar Nufe suna jiran wani. Crowther bai zauna banza ba, ya yi ta koyon Nufanci yana sabawa da sarakuna da fatake.

Henry Venn, magatakardan mishan a Landan, yana da ra'ayi cewa ikilisiyar kowace ƙasa ta riƙe kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Shi ya matsa har aka naɗa Crowther Bishop ran 29 ga Yuni 1864 a babbar majami'ar Kantabari. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami wannan matsayi a ikilisiyar Ingila. Yaron da aka yi musayarsa da doki ya zama uban ikilisiyoyi tun daga bakin teku har Lakwaja.

A wajen masu bautar gumaka bai yi sassauci a kan gaskiya ba, amma ba ya fasa wa mutane gunki da ƙarfi. Ya kan koyar, ya jira su yar da kansu. A Bonny mutane suna tsafi da guza, ba mai ikon taɓa ta. Ranar Ista ta 1867 sarkin garin da kansa ya ba da umurni aka kawar da tsafin nan. Ba da daɗewa ba tsanani ya tashi. Wani bawa mai bi, Joshua Hart, ya ƙi cin naman da aka yanka wa gunki, aka jefa shi cikin ruwa ya mutu a 1875. Wanda ya ke tambaya ko mai bi zai iya sa hannu cikin yankan tsafi don gudun fushin dangi, to, ga amsar da Joshua ya bayar da ransa.

A wajen sarakunan Musulmi kuwa ya zama aminin Etsu Masaba na Bida. Ya kan gaishe su yadda a ke gai da sarakuna, ya kai musu kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci don malamansu su karanta da kansu. Amincin nan ya kai har Etsu Maliki ya aika masa da takarda, yana roƙonsa ya sa baki wurin Sarauniyar Ingila a hana kawo barasa ƙasar Nufe, gama tana lalata mutanensa. Sarki Musulmi ya ga Bishop Kirista ne zai ji kukansa. Mu tuna kuma, Musulmi ne suka ƙone garinsu suka sa masa igiya a wuya. Bai riƙe su da wannan ba.

A fadar Ilori

A 1872, yana komawa Ikko ta ƙasa, ya biyo ta Ilori. Sarki ya kira shi fada, ga hakimai, ga malamai, aka ce ya faɗi abin da Kirista su ke gaskatawa a kan Annabi Isa. Wanda ya yanke laya yana saurayi yanzu ya ba shekara 60 baya, ya kuwa koyi darasinsa.

Bai fara da inda aka saɓa ba. Ya tambayi fada ko mala'ika Jibrilu ya kan yi kuskure cikin saƙon da aka aiko shi da shi. Duka suka ce a'a, faufau. Ya tambaya ko sun yarda Jibrilu ne ya kawo wa Maryamu albishir na haihuwar Almasihu. Suka ce haka ne. Sai ya buɗe Luka sura 1, aka karanta musu da Yarabanci abin da Jibrilu ya faɗa wa Maryamu, da sunan da ya ce za a kira yaron da shi. Ta haka suka ji kalmar Ɗan Allah ta fito daga bakin mala'ika, ba ƙagen Nasara ba ce, ba ta kuma nufin Allah ya yi aure ya haihu yadda mutane su ke yi. Ya karanta Yohanna sura 14, inda Yesu ya nuna ta wurinsa a ke isa ga Uba.  Bai ƙara dogon bayani nasa ba.

Suka tambaye shi ko Isa ne zai yi wa duniya shari'a. Ya karanta Matta sura 25. Suka ce to, yaushe zai komo? Ya karanta Ayyukan Manzanni sura 1, inda aka nuna sanin lokacin nan na Uba ne shi kaɗai. Fada ta yi tsit. Sa'an nan aka yi masa tambayar da ta fi duka wuya, watau abin da Littafinsa ya faɗa a kan Annabi Muhammadu. Nan ne da yawa su kan faɗi, ko su yi zagi ko su yi ƙarya don neman yardar mutane. Crowther ya ce an rubuta Sabon Alkawari shekaru ɗaruruwa kafin zamanin Muhammadu, saboda haka bai ambace shi ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, gaskiya ce kuwa.

Daga ƙarshe suka so su ji yadda Kirista su ke addu'a. Ya buɗe littafin addu'a na ikilisiyarsa, ya karanta addu'ar da a ke yi wa Sarauniya, ya bayyana musu cewa a kowace ƙasa sunan sarkin ƙasar a ke sawa, a roƙa masa tsawon rai da adalci da tsoron Allah. Fada ta ga addu'ar ta dace. Aka sallame shi da mutunci. Ba a ce sarki ko malamai sun tuba a ranar nan ba. Amma an karanta Maganar Allah a fili a fadar Musulmi, aka saurara, ƙofa kuma ta zauna a buɗe domin na baya.

Kwanakin ƙarshe

Baƙin cikin da ya fi masa zafi daga cikin gida ya fito. Bayan mutuwar Venn waɗansu samarin Turawa masu mishan suka zo Kwara da zafin himma, suna ɗokin shiga ƙasar Hausa. Suka ga aikin tsohon bai gamshe su ba. Gaskiya ne akwai ma'aikatan da suka yi laifi, gama tashoshin suna nesa da juna, kuɗi kaɗan ne, Bishop kuma mai taushin hali ne. Amma samarin suka yi wa duka kuɗin goro. A taron da aka yi a Anaca a 1890 suka dakatar da ma'aikata baƙaƙe da yawa a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Tsoho mai shekara fiye da 80, wanda ya fara wa'azi tun ba a haife su ba, ya sauka daga shugabancin taron, bai rama da zagi ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Littafin da ya rubuta a kan zamansa da masu bin addinin kakanni da Musulmi ya fito a 1892, bayan mutuwarsa.

Bature aka naɗa a gurbinsa, aka kuma yi wajen shekara 60 kafin a sake danƙa wa baƙar fata riƙon ikilisiyoyin wata ƙasa duka a wannan yanki. A 2014, da aka cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Kantabari ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi, ya furta cewa an zalunce shi, ya nemi gafara.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, tambayoyin Ilori su ne a ke yi mana yau a zaure da gindin bishiya. Wanda bai san Littafinsa ba ba zai iya amsa su ba. Crowther ya san inda kowace aya ta ke, shi ya sa bai bukaci tada murya ba. Mu lizimci karatu, mu koya wa 'ya'yanmu, mata da maza. In an tambaye mu, mu fara da abin da mai tambaya ya riga ya yarda da shi, kamar haihuwar Almasihu daga budurwa da komowarsa, sa'an nan mu buɗe Littafi ya yi magana. Abin da Littafi ya faɗa kada mu ɓoye shi don tsoro. Abin da bai faɗa ba kada mu ƙara masa. Kada bakinmu ya zagi abin da maƙwabcinmu ya ke girmamawa, gama baki shi ke yanka wuya. Mu riƙa yi wa sarakunanmu da mahukuntanmu addu'a da sunansu, ko da ba su bi hanyarmu ba. In kuwa an ɓata mana rai a cikin ikilisiya, mu tuna tsohon nan da aka ƙasƙantar a Anaca, bai bar Ubangijinsa ba saboda laifin 'yan'uwa.

Allah da ya fitar da Ajayi daga cikin jirgin bayi ya ba mu haƙuri irin nasa da sanin Maganarsa, domin danginmu da su ke tambayarmu yau su sami amsa ta gaskiya daga bakinmu da halinmu. Amin.